Ina za a kafa injin? Kundin aikin neman zinare a ƙasar Yawuri

12 Nuwamba, 2024

Lasisin bincike ya fito daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja. A dokar ma'adinai ta 2007, irin wannan lasisi shekara uku yake yi kafin a sabunta shi, kuma faɗinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 200. Namu bai kai rabin haka ba, amma ko shi ɗin ya fi ƙarfin aljihunmu. Abin da masu jari suka ware don huda ƙasa ba zai wuce 'yan ramuka ba. Saboda haka aikin wannan rani guda ɗaya ne: kafin ruwa ya sauka mu san inda za a kafa injin huda ƙasa, da fuskar da bakin ƙarfen zai kalla.

Filin yana cikin zirin duwatsun shist (dutse mai falle-falle) na Zuru, ɗaya daga cikin zirin da suka miƙe daga arewa zuwa kudu a wannan ɓangare na Najeriya, irin su Anka, Maru, Wonaka, Malumfashi, Birnin Gwari da Kushaka. Asalinsu laka ce da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ɓangarorin ƙasa suka yi karo, zafi da matsi suka dafa su, suka nannaɗe su, giranit ya kutso tsakaninsu. Daga baya manyan tsagogi biyu suka ratsa su: ta Anka, wadda ta bi ta Yawuri ta nufi Iseyin, da ta Kalangai, wadda ta bi ta Zungeru ta nufi Ifewara. Tsoffin wuraren zinaren da aka sani tun zamanin Turawa, daga fara haƙa a 1913 zuwa ganiyarta a shekarun 1930, galibi a kusa da waɗannan tsagogin suke. Maraba, Duki da Bin Yawuri suna wajen ta Anka. Tsohon Birnin Gwari, Kwaga da Gurmana suna wajen ta Kalangai.

Na shimfiɗa taswirar maganaɗisu ta Hukumar Binciken Ƙasa, wadda aka auna da jirgin sama tsakanin 2003 da 2010, tazarar layi mita 500. Da irin wannan tazara ba za a ga jijiyar dutse ba, wato tsagar da ma'adini ya cike, amma ana ganin ƙashin bayan wurin. Wurare uku na zagaye da jan biro. Na farko yana kan babbar tsagar Anka kanta. Na biyu yana gabas da ita, inda wani layi mai ƙarfin maganaɗisu ya lanƙwashe ya dawo, muka sa masa suna Hanci. Na uku gefen giranit ne, muka ce masa Bakin Fa.

25 Nuwamba

Mun je gaisuwa wurin hakimi da takardunmu. Ya karanta, ya ajiye, ya ce, "Injiniya, mutanena suna cin abinci a ramukan nan. Korarsu kuka zo yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, awo muka zo yi. Duk ranar da aikin ya wuce awo, a gabanka za a fara maganar." Ya haɗa mu da 'yan sa-kai biyu da sharaɗin kada la'asar ta same mu a daji. Babu wanda ya yi musu. Yankin nan bai manta da sace ɗalibai da aka yi a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a 2021 ba.

Dutse a fili ƙalilan ne. Marmara da jar ƙasa sun rufe kusan ko'ina, sai a cikin ƙoramu da kwazazzabai ake samun abin ɗora kamfas. Inda muka samu, filayit ne, wato lakar da ta zama dutse, mai sheƙi, yana ɓarewa falle-falle, ya miƙe arewa da ɗan karkata gabas, ya kuma tsaya kusan a tsaye yana jingine yamma.

9 Disamba

Mun koma Hanci, inda ramukan masu haƙa suka fi yawa. Abin da na zo nema a nan shi ne tarin dutsen da suka zubar a bakin rami, domin abin da mai haƙa ya ƙi ɗauka yana faɗa maka abin da ya sani.

Farin dutse iri uku ne a wurin, ba ɗaya ba.

Akwai siraran jijiyoyi da suka bi kwanciyar filayit ɗin, suka lanƙwashe tare da shi, wasu suka tsintsinke suka zama ƙulli-ƙulli. Waɗannan sun riga naɗin zuwa, tunda naɗin ya same su ya murɗe su. Akwai kuma manyan farare tas, masu ƙyalli, da suka yanke komai daga gabas zuwa yamma a miƙe. Su ne auta, sun zo bayan an gama komai. Baƙo idan ya zo su yake fara ɗauka, saboda su suka fi cika ido. Masu haƙa ba sa ko kallonsu.

Na ukun shi ne namu. Launin toka gare shi, kamar hayaƙi ya shige shi, da baƙaƙen layuka sirara a ciki inda ɓallin dutsen gefe ya maƙale. Kowane layi alamar cewa tsagar ta buɗe, ruwan zafi ya cika ta da ma'adini, ta rufe, ta sake buɗewa. Da madubin hannu na ga ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu cike da tsatsa, gurbin farayit, ma'adinin ƙarfe da sulfa mai kama da zinare, da ruwan sama ya cinye. Akwai baƙaƙen allurai na wani ma'adini da ake kira turmalin. Dutsen da ke gefen jijiyar kuwa ya koɗe, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yana marmashewa a hannu.

Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar ya tsaya yana kallona ina jujjuya dutsen. Na ce, "Baba, yaya kuke gane mai kaya?" Ya karɓa, ya tofa masa yawu, ya goge da babban yatsa, ya nuna mini layukan. Ya ce, "Ɗana, mai datti ake bi. Fari sol ɗin nan ko ka niƙa buhu goma, wahala ce." Abin da littattafai suka yi shafuka suna bayani ke nan. Na sa ɗan bautar ƙasan da ke tare da mu ya riƙa rubuta kowace jijiya da irinta, kada a sake rubuta "farin dutse" kawai a littafin fili.

23 Disamba

Jiya Ministan Ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin haƙa a Zamfara, wanda aka sa tun 2019. Ba jiharmu ba ce, amma zai taɓa mu, domin ma'aikata za su yi ta kai-komo.

Abin da ya fi damuna a makon nan wani ne. A rami biyu na ga dutsen kwalli a cikin jijiyar, yana walƙiya, yana fashewa murabba'i-murabba'i. Dalma ce. Irin wannan haɗin na zinare da kwalli shi ya kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma da Bagega, lokacin da ake kai dutse gida ana niƙawa a tsakar gida ƙura tana sauka a kan abinci. An sake ganin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Ga mai bincike, kwalli a jijiya alama ce mai kyau, sau da yawa yana tafiya da zinare. Ga mai goyo, guba ce. Na gaya wa shugaban masu haƙa a gaban mutanensa, na kuma rubuta wa hakimi: kada a kai dutsen ramukan nan cikin gari, kada a niƙa shi a bushe, kada a shiga gida da kayan aiki a jiki. Mu ma an hana cin abinci a ɗakin samfur.

20 Janairu, 2025

Hunturu ya yi tsanani, amma ya fi zafin da ke tafe. Muna ɗibar ƙasa a layuka da suka yanke duwatsun daga yamma zuwa gabas, tazarar layi mita 200, tazarar samfur mita 50. A Hanci mun matse layukan.

Wahalar ɗibar ƙasa a yankin nan ita ce sanin ko ƙasar ta wurin ce. Marmara iri biyu ce. Wata a nan dutsen ya ruɓe ya zama ita, har ana iya ganin inuwar falle-fallen filayit a cikinta. Wata kuwa ruwa ne ya kwaso tsakuwa daga tudu ya zube a kwari, ƙarfe ya ɗaure su. Zinaren da ke cikin ta biyun gaskiya ne, amma ba ya cewa komai game da abin da ke ƙarƙashinsa, zai iya kasancewa daga nesa ya gangaro. Duk samfur sai an rubuta irin ƙasar da aka ɗebe shi, da ko tsakuwar mai kaifi ce ko mulmulalliya. Inda marmara ta yi kauri mun koma ɗibar ƙasar suri, tunda gara tana tono daga can ƙasa tana kawowa sama. An daɗe ana amfani da wannan dabara a Afirka ta Yamma. Wuraren wanki da gefen injinan niƙa kuwa mun tsallake su gaba ɗaya, domin zinaren da ke nan hannun mutum ne ya kawo shi, ga kuma zaiba.

11 Fabrairu

Yau taswirar Hanci ta fara magana.

Layin nan mai maganaɗisu da ya lanƙwashe ashe wani tauraren dutse ne mai tama a jiki, da kwazayit, wato yashin da ya zama tauraren dutse, a gefensa, a tsakiyar filayit mai laushi. Mun bi shi da ƙafa ta hannun yamma, ya ɓace a ƙarƙashin gona, ya sake fitowa ta hannun gabas. Naɗi ne, an matse shi sosai har hannayensa biyu sun kusa haɗewa.

Ɗauki littafi mai kauri ka lanƙwasa shi. Shafukan za su zame kan juna, a daidai gwiwar lanƙwasar kuma za su rabu su bar ƙofa. Haka dutse yake yi idan mai tauri da mai laushi suka naɗu tare: mai laushi ya bi, mai tauri ya fashe, a gwiwa wuri ya buɗe. Ruwan zafi mai ɗauke da zinare wurin da ya buɗe yake nema. Idan kuma ya tarar da dutse mai ƙarfe, sulfa ɗin da ke riƙe da zinaren a cikin ruwan sai ya kama ƙarfen ya zama farayit, zinaren ya rasa mai riƙe shi ya zauna nan. Ma'adinan Bendigo a Ostareliya a kan irin wannan gwiwar suka yi suna.

To amma gwiwar naɗi layi ce, kuma layin nan ba lallai ya kwanta daidai da doron ƙasa ba. Yana iya nutsewa. Wannan shi ne abin da muka ɓata makonni muna aunawa: kan kowace 'yar ƙaramar lanƙwasa da muka samu a ƙorama, da layin da kwanciyar dutse ta asali ta haɗu da falle-fallensa. Ƙananan lanƙwasa suna bin halin babbar. Da na zuba awon a kwamfuta, mafi yawansu sun taru wuri guda: suna nutsewa kudu, wajen digiri 35.

Sai na koma kan ramukan masu haƙa. Ɗan bautar ƙasan ya ɗauki wurin kowane rami da na'urar GPS, ya tambayi zurfinsa. A arewa ramukan gajeru ne, an kwashe an tashi. Kana yin kudu suna ƙara zurfi, har ka iso inda aka bar su saboda ruwa. Mutanen nan ba su auna digiri ba, amma sun bi kayan yana nutsewa har ya fi ƙarfinsu. Dattijon nan ya ce mini a can kudu "zinaren ya ƙare". Ina ganin abu biyu ne suka haɗu: ruwa ya cika ramin, dutsen kuma ya daina ruɓewa. A sama, ruwan sama ya cinye farayit ya saki zinaren, ana ganinsa a kasko. A ƙasa yana nan a kulle cikin farayit, niƙa da wanki ba sa fito da shi sosai.

Akwai ƙari. Jijiyoyin masu launin toka ba gwiwar kaɗai suka bi ba. Wani siririn layin murza, inda dutse ya goga da dutse har ya zama laushi kamar sabulu, ya rabo daga wajen babbar tsagar ya yanki hannun yamma na naɗin a karkace. Inda ya shiga tauraren dutsen nan, nan ramuka suka fi cunkushewa.

24 Fabrairu

Mun yi doguwar muhawara ta waya da abokin aikina da ke Abuja. Shi yana son a fara huda babbar tsagar. Hujjarsa ita ce ita ake gani a taswira, ita masu jari za su gane, kuma kowa ya san zinaren yankin da ita yake tafiya.

Ban yarda ba. Babbar tsaga hanya ce, ruwan ya bi ta ya wuce. Zafinta ya yi yawa, motsinta ya yi yawa, abin da ya zauna yau gobe a murje shi. A rassanta ake sauke kaya, inda matsi ya sassauta farat ɗaya. Haka lamarin yake a yankunan zinare na Abitibi ta Kanada da Yilgan ta Ostareliya, haka kuma wuraren namu na gida suka nuna: kusa da tsagar, ba a bayanta ba. Ya ce wannan ra'ayi ne. Na ce to mu jira awon ƙasa ya raba mu.

18 Maris

Azumi ya rage mana tafiya, da hantsi muke tashi daga fili. Sakamakon samfur ya iso daga ɗakin gwaji.

A kan babbar tsagar, shiru. Ɗan abin da ya fito bai wuce wanda ake samu a kowane dutse ba, wato 'yan ɓurɓushi cikin biliyan. Abokina ya turo saƙo mai kalma ɗaya, ba zan rubuta ta a nan ba.

Bakin Fa ya ba da ɗan haske, wato alamar zinare a awo, a layi biyu. Ban yar da shi ba, domin a Bin Yawuri jijiyoyin zinare a gefen giranit suke, inda zafinsa ya gasa filayit ya taurare har ya iya fashewa. Amma ƙasar da hasken ya fito a cikinta mai mulmulallen tsakuwa ce, ga gangare. Na sa shi a jira.

Hanci kuwa ya fito sarai, kuma sinadarin arsanik ya bi zinaren layi bayan layi. Wannan ya fi zinaren kansa kwantar mini da hankali, saboda ƙwayar zinare guda tana iya faɗawa cikin samfur ta ruɗe ka, amma arsanik a baje yake, yana nuna faɗin wurin da ruwan zafi ya jiƙa. Ya dace da abin da muka ji a fili: wani dutse mai launin azurfa da idan ka buga masa guduma sai warin tafarnuwa ya tashi. Hasken ya zarce ramukan ƙarshe ta kudu, ya shiga gonar da ba a taɓa haƙawa ba, sannan ya dusashe. Dusashewar ba ta ba ni tsoro ba. Abin da ke nutsewa dole alamarsa ta ragu a sama.

Samfuran dutse su ne suka yi ta tsalle. Mun raba dutse ɗaya biyu mun aika da lamba daban-daban, rabi ya fito da yawa, rabi kusan babu. Zinare mai manyan ƙwayoyi haka yake, giram 50 da ake narkawa a gwaji ko dai ya dace da ƙwaya ko ya kuskure ta. Daga yanzu duk samfurin jijiya za a niƙa mai yawa a tace, a auna abin da ya tsaya a rariya daban. Na kuma hana a sa lamba mafi girma ita kaɗai a rahoton masu jari.

14 Afrilu

Mun yanka dogayen ramuka uku da hannu, daga yamma zuwa gabas, har kan ruɓaɓɓen dutse, bayan an biya mai gona diyya a gaban mai unguwa. A na tsakiya an ga komai a bango ɗaya: filayit, layin murzar, koɗaɗɗen dutse, sannan jijiyoyi masu launin toka a jere, kowace ta ɗan goce daga 'yar'uwarta. Mun yanki samfur mita-mita a jikin bangon, har da inda ba a ga jijiya ba. Idan koɗaɗɗen dutsen gefe yana ɗauke da zinare, wurin yana da faɗin da kamfani zai iya aiki. Idan jijiyar ce kaɗai, to wurin masu haƙa da hannu ne, gara mu sani tun yanzu.

Farashin zinare ya haura dala 3,000 a kan oza tun watan jiya, kuma daji ya ji. Baƙin fuskoki sun ƙaru, babura sun ƙaru. Kwana biyu da buɗe ramin tsakiya muka tarar an kwana ana sassaƙar bangonsa. Sa'armu an riga an zana shi an ɗauki hoto. Yanzu duk ramin da muka gama da shi a ranar ake mayar da ƙasarsa.

6 Mayu

Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Sakamakon ramukan ya nuna koɗaɗɗen dutsen yana ɗauke da ɗan abu, ba kamar jijiyar ba, amma ba fanko ba ne. Ya isa a huda.

Tsarin da na aika Abuja ga shi. Tunda duwatsun sun jingina yamma, injin zai tsaya ta yamma ya huda gabas a karkace, digiri 55 zuwa 60, don ya yanke su a gicciye. Ramin burtsatse a tsaye zai iya bin falle ɗaya har ƙasa bai taɓa komai ba. Ramin farko zai shiga ƙarƙashin ramukan masu haƙa mafi zurfi, ƙasa da ruwa, mu ga ɗanyen dutsen. Na biyu da na uku za su matsa kudu, kowanne ya fi na bayansa zurfi gwargwadon nutsewar da muka auna. Ɗaya kuma na ware shi can arewa da gangan, inda lissafina ya ce babu komai. Idan ya fito da kaya, to labarin nutsewa kudu bai tsaya ba, sai a sake zama.

Na nace a yi ramukan farko da injin da ke fito da sandar dutse, a kuma sa alamar sama da ƙasa a jikinta, duk da ya fi tsada a kan mai fito da gari. Gari zai gaya mana akwai ko babu. Sandar ce za ta nuna wace jijiya ce cikin ukun, da inda ta dosa. Abokina ya yarda da wannan, ya nemi a bar masa rami ɗaya a Bakin Fa idan kuɗi ya ragu. Na amince.

Saura hanya. Akwai ƙorama biyu tsakanin titi da Hanci, babbar mota ba za ta haye su ba idan ruwa ya zauna. Mai injin ya ce zai iya tasowa ƙarshen wata. Gobe za mu je da mai unguwa mu duba mashigin ta arewa, mu kuma yi magana da masu gonakin da motar za ta ratsa kafin su yi shuka.